Buɗe Bakinsa Ka Gani: Fashin Baƙi Kan Kifin Bas na Amurka, Daga Ƙugiya Zuwa Kasko

Ranar da na fara zuwa su a Teksas, wani dattijo ɗan ƙasar Yawuri da ya daɗe a Amurka ne ya ɗauke ni zuwa wani tafki da ke gabas da Dalas. Hantsi bai gama dubawa ba fatsata ta yi nauyi, na jawo wani kifi fari fat mai sheƙi, da zane-zane baƙaƙe a gefensa, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba. Har na ɗaga murfin akwatin ƙanƙara zan jefa shi, sai dattijon ya riƙe min hannu.

"Ɗana, ka san wane ne wannan?"

Na ce, "Baba, ai bas ne."

Ya yi dariya, ya ce bas ai kamar ka ce "Malam" ne a tsakiyar kasuwa, mutum ashirin za su waiwayo. Ya karɓi kifin, ya sa babban yatsa ya danne leɓen ƙasa, bakin ya wage, ya juya shi wajen rana ya ce in leƙa can gindin harshe. Wasu 'yan tabo biyu na gani a jere, masu kaushi kamar sandfefa. Ya auna kifin da tef, inci 15. Bai ƙara cewa komai ba ya mayar da shi ruwa. Da tabon guda ɗaya ne, da tuni kifin ya zama abincin dare. Tunda biyu ne, ajiye shi laifi ne mai tara.

Ga dalilin. Dokar su ta jihar Teksas ta yarda mutum ya tafi gida da farin bas har guda 25 a rana, muddin kowanne ya kai inci 10. Amma ɗan uwansa mai zane, da kuma ruwa-biyun da ake samu idan an haɗa su, guda 5 kawai aka yarje, kuma sai sun kai inci 18. Idan suna ƙanana, kamanninsu kan rikita har wanda ya saba, ga shi sukan yi kiwo tare a garke ɗaya suna bin ƙananan kifaye. Jami'in kula da namun daji kuwa, idan ya buɗe akwatinka, ba ruwansa da "ban sani ba".

Kafin mu shiga bakin kifi, sai an fara warware sunan. Kalmar ta samo asali ne daga tsohon Turanci, inda ake kiran wani kifi mai ƙayoyi a gadon baya da wani suna mai kama da haka. Da Turawa suka bazu duniya, duk kifin da suka gani mai ƙayar baya da farin nama sai su laƙaba masa sunan. Shi ya sa yau kifayen da ba su haɗa dangi ba suke amsa shi. Wanda ake kira bas mai ɗawisu a kogunan Amazon, ɗan gidan su karfasa ne. Wanda ake sayarwa da sunan bas ɗin tekun Asiya, wato baramundi, shi kuma ɗan uwan giwan ruwanmu ne na jini, jinsinsu ɗaya a wajen masana. Wanda ya fi ban dariya shi ne "bas ɗin tekun Cile" da manyan gidajen abinci ke tsuga wa kuɗi: wani kifi ne mai muni da haƙora daga ruwan sanyi na ƙarshen kudancin duniya, wani ɗan kasuwa mai suna Lee Lantz ya raɗa masa wannan suna a 1977 don ya samu shiga, kuma ya samu. Wannan duk harkar kanti ce. Wanda ya riƙe fatsa a bakin tafki a Amurka, gida biyu ne kawai suka dame shi.

Gida na farko shi ne na masu farin jiki, irin wanda na kama. Babbansu shi ne mai zane, wanda Amurkawa ke ce wa striper. Asalinsa kifin teku ne na gaɓar Atlantika da ke hawa koguna ya yi ƙwai. A 1879 aka ɗebi 'ya'yansa daga jihar New Jersey a jirgin ƙasa aka kai Kalifoniya, suka kuwa yaɗu. Daga baya, lokacin da aka datse kogi aka yi madatsar Santee-Cooper a Karolina ta Kudu a farkon shekarun 1940, wasu suka maƙale a ciki, sai aka gane ashe zai iya rayuwa ya hayayyafa ba tare da ya koma ruwan gishiri ba. Daga nan aka shiga zuba shi a madatsun ruwa na cikin ƙasa. Jikinsa dogo ne, zane bakwai ko takwas sun miƙe sambal daga bayan kai, yawancinsu har wutsiya, ba yankewa. Yana girma ƙwarai: wanda aka kama a gaɓar jihar Connecticut a 2011 ya haura kilo 37.

Farin bas, wanda mutanen Teksas ke kira bas ɗin yashi, ƙaramin ƙane ne, yawanci bai wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya ba. Gajere ne mai faɗin jiki, bayansa ya ɗan yi doro a bayan kai, zanensa dishi-dishi, kuma galibi layi ɗaya ne tak ke kaiwa wutsiya. A ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, yakan hau rafuka da yawan gaske don yin ƙwai, a lokacin ne za ka ga bakin ruwa cike da mutane kamar ana rabon zakka.

Shi kuwa ruwa-biyu, aikin ɗan Adam ne. A shekarun 1960 masana a Karolina ta Kudu suka haɗa ƙwan mai zane da maniyyin farin bas, aka samu kifi mai saurin girma da jure zafi. Ya ɗauko faɗin jikin wannan, ya ɗauko girman wancan, zanensa kuma ya fito baro-baro amma a kakkarye, kamar layin da yaro ya ja da rula tana zamewa. Shi ake kiwatawa a gonakin kifi, don haka yawancin "mai zane" da ke kan ƙanƙara a kantunan Amurka shi ne.

To duk wannan bayani na zane da faɗin jiki yana aiki ne a kan manya. A kan kifin inci 12 ko 14, ido na iya yaudararka, domin akan samu mai zane na asali da layinsa ya ɗan karye, akan kuma samu farin bas da zanensa ya fito sosai. Harshe ne ke raba gardama. Farin bas tabon haƙora ɗaya gare shi a gindin harshe. Mai zane biyu gare shi, a jere, da 'yar rata tsakaninsu. Ruwa-biyu ma biyu ne, sai dai wani lokaci sukan matsu har su kusa haɗewa, nan ne sai ka haɗa da kallon jiki. Tunda doka ta sa mai zane da ruwa-biyu a kwando ɗaya, abin da ke gabanka kawai shi ne: ɗaya ne ko biyu? In shakka ta shiga kuma kifin bai kai inci 18 ba, ruwa ya fi cancanta da shi. Akwai wani ɗan autansu mai ruwan ɗorawa, shi babu haƙori ko ɗaya a harshensa, kuma launinsa kaɗai ya isa ya tona shi. Hattara da murfin kunnen waɗannan kifaye yayin leƙen, gefensa kaifi ne da shi kamar reza. Na bar jini a kansa ba sau ɗaya ba.

Gida na biyu shi ne wanda Ba'amurke ke nufi idan ya ce bas bai ƙara komai ba. Su ne kore-kore ko masu ruwan tagulla, waɗanda ake gasar kamawa a talabijin, ake sayen kwale-kwale mai tsadar mota dominsu. A wajen masana ba su da dangantaka ta kusa da gidan farko. Uku ne fitattu: mai babban baki, mai ƙaramin baki, da mai ɗigo-ɗigo.

Nan ma baki ne alƙali, amma a rufe ake duba shi. Rufe bakin kifin, ka kalle shi ta gefe, ka bi ƙashin muƙamuƙin sama ka ga inda ya tsaya. Idan ya wuce bayan ido, mai babban baki ne, ba tantama. Idan ya tsaya daidai ƙarƙashin ido, ɗaya ne daga cikin sauran biyun. Mutane da yawa kan yi kuskuren wage bakin kafin su duba, alhali a wage kowanne babban baki gare shi. Shaida ta biyu tana gadon baya. Fiffiken baya kashi biyu ne, na gaba mai ƙayoyi da na baya mai laushi. A jikin mai babban baki akwai gurbi mai zurfi tsakaninsu, kamar za su rabu. A jikin sauran biyun a haɗe suke, gurbin kaɗan ne.

Raba mai ƙaramin baki da saura ba wuya. Launinsa na tagulla ne ko ƙasa-ƙasa, zanensa a tsaye yake daga sama zuwa ƙasa maimakon layi ɗaya a kwance, idonsa sau da yawa ja, ga wasu layuka baƙaƙe da suka taso daga ido suka bi kumatu. Ruwa mai sanyi, garai-garai, mai duwatsu yake so. Rikicin gaske yana tsakanin mai babban baki da mai ɗigo-ɗigo, domin dukansu kore ne, dukansu da baƙin layi a kwance a tsakiyar jiki. Bayan muƙamuƙi da fiffike, sai ka dubi ƙasan wannan layi: mai ɗigo-ɗigo yana da ƙananan ɗigo a jere-jere har wajen ciki, wancan kuwa cikinsa fari ne fes. Sannan ka shafa tsakiyar harshe da yatsa. Na mai ɗigo-ɗigo da kaushi, na mai babban baki galibi sumul. Na ce galibi, domin akan samu 'yan tsiraru masu babban baki da ke da wannan kaushi, shi ya sa a wannan gida harshe mai taimaka wa shaida ne kawai, muƙamuƙi ne babba. A Teksas bambancin yana da tasiri a doka: mai babban baki da mai ƙarami sai sun kai inci 14, mai ɗigo-ɗigo ba a ƙayyade masa tsawo ba, amma duka a haɗe guda 5 ne a rana. Wasu tafkunan suna da nasu ƙa'idojin daban, kowace jiha kuma da nata, don haka littafin dokar shekarar ake dubawa.

Launi shi ne shaidar da na fi raina wa. Kifin da ya zauna a ruwa mai laka yakan koɗe har layin gefensa ya ɓace, ɗan uwansa da ke cikin ciyawa a ruwa mai haske ya yi kore shar. Duk wanda ya san tarwaɗar fadama da ta kogi ya san wannan.

Sauran magana ta ci, kuma a nan ne al'adar Amurkawa ke ba baƙo mamaki. Mutum zai kwana yana shiri, ya ƙona mai, ya kama kifi mai kilo uku, ya ɗauki hoto, ya sumbace shi ma wani lokacin, ya mayar ruwa. Wannan ɗabi'a ta kama-ka-saki ta yi ƙarfi ne daga 1972, lokacin da Ray Scott, wanda ya kafa babbar ƙungiyar masu gasar kamun bas, ya fara matsa wa 'yan gasa su dawo da kifinsu da rai. Ta yi amfani, amma ta kai har wasu na kallon mai cin bas kamar wanda ya yanka dokin sukuwa. Masana kiwon kifi kuwa sukan roƙi mutane su riƙa cire ƙanana a tafkunan da suka cika, domin idan baki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan, duk sai su tsumbure. A Japan labarin ya juya gaba ɗaya. An kai mai babban baki can a 1925, ya cinye kifayen gida, har hukumar lardin Shiga ta hana mayar da shi tafkin Biwa daga 2003, aka ajiye akwatunan zubawa a bakin ruwa, wasu gidajen abinci kuma suna soya shi. A wannan tafki ne Manabu Kurita ya kama mai kilo 10 da ɗoriya a 2009, ya yi kunnen doki da tarihin da George Perry ya kafa a Jojiya tun 1932. Shi Perry, lokacin matsin tattalin arziki ne, gida ya kai nasa aka cinye.

A ganina, wanda zai ci ya bar ƙaton ya tafi. A gida na biyu, wato na kore-kore, mai inci 14 ko 15 ya fi daɗi, namansa ya fi tsauri da zaƙi, kuma manyan nan yawanci mata ne masu ƙwai. Akwai kuma dalilin lafiya. Bas mafarauci ne, kifi yake ci, don haka duk sinadarin zaiba, wato makuri, da ke jikin abin da ya haɗiye a jikinsa yake taruwa shekara da shekaru. Zaiba cikin tsoka take zama, wuƙa ba ta cire ta, wuta ba ta kashe ta. Maganinta ɗaya ne: cin ƙanana, da rage yawan ci, musamman ga mai juna biyu, mai shayarwa da yara. Sinadaran masana'antu da ake kira PCB kuwa a kitse suke taruwa. Su ne suka sa jihar Niyok ta hana kamun mai zane na sayarwa a kogin Hudson a 1976. Waɗannan ana rage su da cire fata, da kitsen ciki, da baƙin naman gefe, a gasa yadda mai zai ɗiga ƙasa. Hukumomin lafiya na jihohi suna fitar da gargaɗi tafki-tafki, kuma ya kamata a duba kafin a ɗora tukunya.

Daɗin kifin nan tun a bakin ruwa ake samunsa ko a rasa shi. Da zarar ka tabbatar na ci ne, ka buge shi a ka, ka yanke jan abin numfashinsa da ke ƙarƙashin murfin kunne, ka sa kansa ƙasa cikin bokitin ruwa na 'yan mintoci jinin ya tsiyaye. Wannan ba yankan addini ba ne, kifi bai buƙatarsa, don ɗanɗano ake yi: naman da aka tsiyaye jininsa fari yake fitowa, ƙarninsa kaɗan. Daga nan sai cikin ƙanƙara, a binne shi ciki sosai. Wanda ya bar kifi a igiya cikin ruwan ɗumi na bakin gaɓa tun safe har la'asar, ya zo yana cewa bas ba daɗi, shi ya ɓata abinsa.

Amurkawa ba su cika dafa kifi da ƙaya ba. Sukan tsaga bayan kai har wuƙa ta taɓa ƙashin baya, su kwantar da ita su bi ƙashin har wutsiya, su ɗaga tsokar gefe guda, su zare haƙarƙari, sannan su zura wuƙa tsakanin fata da nama. A jikin masu farin jiki, da ka juya tsokar za ka ga wani jan nama ya bi tsakiya daga sama har ƙasa a gefen da fata take. Nan ƙarnin yake. Tsoka ce mai jini da mai, wadda kifin ke dogon iyo da ita. Ka yanke ta ta gefe biyu kamar kana cire tsakiyar gwanda, ka kuma fere jan da ya shimfiɗu a saman. Tsokar za ta rabu biyu, za ka ga kamar ka yi asara, amma yawancin masu cewa farin bas ba ya ciyuwa wannan jan naman suka ci. Idan za a ajiye a firiza ma, shi ne ke fara lalacewa.

Matsalar mai babban baki daban ce: warin laka da ciyawa, musamman wanda aka kama da zafi a ruwa marar gudu. Wani sinadari ne mai suna jiyosmin da gansakukar ruwa da wasu ƙwayoyin halitta ke fitarwa, kifi ya shaƙe shi ya taru a fata da kitse. Shi ne dai ƙamshin nan da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka, wanda muke so a hanci amma ba a baki ba. Cire fata na rage shi sosai, tsami kuma na karya shi. Mutanen kudancin Amurka sukan jiƙa naman a madara mai tsami, mu kuwa lemon tsami da muka saba wanke kifi da shi ya wadatar, sai dai kada ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin, in ba haka ba naman ya fara dahuwa ya yi laushi. Mai ƙaramin baki da mai ɗigo-ɗigo, da yake sun fi zama a ruwa mai gudu ko mai zurfi, ba su cika wannan wari ba, kuma a bakina sun fi daɗi.

Wani lokaci za ka ga 'yan ƙulli masu ruwan ɗorawa kamar ƙwayar shinkafa a cikin tsoka, ko baƙin ɗigo kamar an barbaɗa masoro. Tsutsotsi ne da ke zagaye tsakanin dodon koɗi, kifi da tsuntsayen ruwa. Ana cire su da bakin wuƙa, dahuwa kuma na kashe su, muddin zafin tsakiyar naman ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyas, wato ya yi fari ya fara rabewa sala-sala. Kifin ruwan daɗi dai ba a cin sa ɗanye.

Wajen wuta, kowanne da abin da ya karɓe shi. Naman gidan kore ba shi da mai, saboda haka suya ce tasa: a yanka daidai, a shafa gishiri, citta, tafarnuwa da ɗan barkono, a birkita a garin masara, a jefa a mai mai zafi, minti uku ko huɗu ya yi. Farin bas ma haka. Idan aka daɗe sai ya bushe ya zama kamar auduga. Mai zane da ruwa-biyu sun fi kauri da maiƙo, suna jure gashi. Idan daga ruwa mai tsabta suka fito, na fi son a kankare ɓawon a bar fatar, a tsattsaga gefe, a cusa yaji da attaruhu da albasa, a ɗora kan garwashi kamar yadda ake yi wa karfasa. A miya ko farfesu kuwa, sai romo ya gama haɗuwa ake saka shi, a rage wuta, kada a juya da ludayi, domin ba shi da juriyar tarwaɗa, yanzu ya watse.

Abin da har yau Baba bai yafe wa Amurkawa ba shi ne kai. A wurin gyaran kifi na bakin tafki za ka ga an cire tsoka biyu an wurgar da kai da ƙashin baya da nama jingim a jikinsu. Ranar da muka samu ruwa-biyu guda uku da suka haura inci 18, wani Bature da ke gyara nasa a kusa da mu ya ga Baba na tattara kawunanmu a leda, ya tambaya ko kyanwa gare shi a gida. Baba ya ce masa eh, guda biyu, ga ɗaya nan tsaye, yana nuna ni. Da daddare ya cire abin numfashin, ya wanke kawunan da lemon tsami, ya dafa da kanumfari, masoro, citta da daddawar da aka aiko masa daga gida. Tsokar kumatun mai inci 20 ba ta fi girman dabino ba, kuma ita ya fara cirewa ya sa min a kwano.